Gwaggo Ce Za Ta Buga Sukar Da Na Yi Wa Littafinta

Anti,

Don Allah ki taimake ni. Kuma kada ki yi dariya, in ma kin yi, kada ki rubuta a jarida cewa kin yi. Abin da zan gaya miki ban taɓa gaya wa kowa ba, har ƙawata da muke zama benci ɗaya, domin ita abin da ya shiga kunnenta da safe, kafin a kaɗa ƙararrawar tashi ya gama zagaye makaranta. Shi ya sa ake ce mata Rediyo. Ga maganar: littafin nan da na yi wa kaca-kaca a gaban 'yan ajinmu har aka tafa mini, na gwaggona ne, ƙanwar babanmu. Kuma duk duniya babu littafin da nake so kamarsa.

Na san na fara daga ƙarshe. Haka nake. Ko littafi na samu, shafin ƙarshe nake fara leƙawa in tabbatar sun yi aure, sannan hankalina ya kwanta in koma farko. Bari in koma farko.

Shekarata goma sha shida. A makaranta Shiru-shiru ake ce mini. Ba wai ba ni da abin faɗa ba ne, cikina fal yake da magana, amma da an ce in miƙe sai harshena ya naɗe. Abin da na iya shi ne karatun littattafan soyayya. A cikin littafin lissafi nake ɓoye su, har Mama tana gaya wa maƙwabta wai 'yarta ba ta da aiki sai lissafi, ita ma tana mamakin yadda nake faɗuwa a jarrabawarsa.

Gwaggo tana da shagon buga takardu a layin bayan makarantarmu, tsakanin mai gyaran waya da mai ɗinki. Kwamfuta ɗaya ce, da injin kwafi mai cin takarda, wanda sai ta doke shi a gefe yake tunawa da aikinsa. Takardun neman aiki take bugawa, da katin gayyata, da takardun makaranta. To tsakanin wannan mai kawo aiki da wancan, ashe littafi take rubutawa. Sunansa Har Jirgi Ya Sauka. Ita ta rubuta, ita ta buga, ita ta haɗa, ta manne bayansa da baƙin salatif. Ba ta sa sunanta ba, sai ta sa 'Yar Bakin Taga. Ta raba wa 'yan uwa. Babanmu ya juya shi gaba da baya ya ce, "To, sannu da aiki." Mama ta ce za ta karanta in ta samu sarari, har yau sararin bai samu ba. Mijin Gwaggo kuwa fifita yake yi da nasa in an ɗauke wuta, ya ce aƙalla littafin yana da amfani ɗaya.

Ni na karanta. Da na gama na tafi shagon, na tsaya a bakin ƙofa rungume da shi ina hawaye. Gwaggo ta bar aikin wani mutum a kan kwamfuta ta zo ta riƙe ni. Tun daga ranar ta daina kiran sunana, sai "mai karatuna". Yanzu tana rubuta na biyu, kuma duk ranar da na biya bayan an tashi, in babu mutane, sai ta ja mini kujerar roba ta karanta mini sabon babi. Ni kaɗai take karanta wa.

Sai malaminmu na Turanci ya tafi wani taron ƙara wa juna sani. Malam Ƙamus muke ce masa, don ba a taɓa ganinsa babu ƙamus a hammata ba. Sauran malaman da suka je sun dawo da jaka da biro, shi kuwa ya dawo da kalma ɗaya. Ya shigo aji ko gaisuwarmu bai gama amsawa ba, ya rubuta ta a allo da manyan baƙaƙe: scathing. Ya ce ma'anarta suka mai ƙuna, mai ɗaye fata, irin wadda in aka yi wa marubuci sai ya yi kwanaki bai leƙo waje ba. Ya ce ƙasashen da suka ci gaba da irin wannan suka suka ci gaba, mu kuwa yabo ne ya kashe mu, kowa ya yi shirme sai a ce masa sannu da ƙoƙari. Nan take ya kafa Ƙungiyar Masu Sharhi, duk Laraba bayan an tashi.

Dokokin ƙungiyar ba su da yawa. Kowane mako mutum ɗaya zai kawo littafi daga gida ya karanta sharhinsa a kai. An yarda a yi da Hausa, don Malam ya ce duka ya fi shiga da sandar gida, makin sama ne kawai na Turanci. Ba a yabo. Wanda ya kuskura ya yabi littafi, ko da jimla ɗaya ce, shi zai share aji. Maki hawa uku ne: na ƙasa Malam yana kiransa gaisuwa, na tsakiya tsokana, na sama kuma kalmar nan tasa. Da ƙarfin dariyar aji ake aunawa.

Anti, kafin wata ya ƙare kalmar ta kama makaranta kamar mura. In wata ta harare ki, sai a ce ta yi miki kallo scathing. Rediyo ta gaya wa matar da ke sayar mana da abinci cewa za ta rubuta mata sharhi scathing in ba ta ƙara cokali ba, matar ta ce ta rubuta, ta kawo mata ta naɗe burodi da shi. Littattafan gidajen mutane suka ƙare. Wani ya yi sharhin littafin lissafi. Wata ta kawo takardar da ke bayanin yadda ake haɗa fanka, ta ce labarin ba shi da jarumi kuma ƙarshensa iska ce kawai, ta samu tsokana. Kuma babu mai karanta abin da yake suka. Akwai wasu jimloli da suke ara wa juna, kamar "marubucin nan ya nemi gafarar tawada" da "wannan ba littafi ba ne, zalunci ne aka yi wa takarda", sunan littafin kawai ake canzawa. Shugaban ƙungiya ya ce gwanin sharhi ba ya ɓata lokacinsa wajen karatu, bango da shafin farko sun ishe shi.

To ga inda kunyata take. Saboda shugaban nan na shiga ƙungiyar. Gilashi ake ce masa. Dogo ne, ba ya murmushi, in yana magana taga yake kallo kamar wanda ya baro wani baƙin ciki a wata ƙasa mai nisa. Rediyo ta ce mai abinci yake leƙe kada ya ƙare, kuma wai tabaran nasa ba na magani ba ne, amma ita Rediyo ba ta san zurfin mutane ba. Ni dai ina zama a bencin baya ba na cewa uffan. Wata Laraba sai ya juyo a gaban kowa ya ce, "Ke Shiru-shiru, ɗumama mana benci kike zuwa yi? Mako mai zuwa ke ce." Aka yi dariya. Ni kuwa sai murna ta kama ni, domin a duk littattafan da na karanta haka ake farawa: wulaƙanci a babin farko, aure a na ƙarshe.

Na dawo gida na rasa littafin da zan ɗauka. Ni ba zan iya sukar abin da ban karanta ba, sai in ji kamar na mari wanda yake barci. Littafin da na sani ciki da waje, kuma babu wanda ya san mai shi, na Gwaggo ne. Na ce a raina ai a aji za a yi a gama, iska ta kwashe.

Abin da ya ba ni tsoro shi ne yadda rubutun ya zo da sauƙi. Ashe duk na ga kurakuran littafin tun tuni, tsallake su kawai nake yi, kamar ramin da ke ƙofar gidanku wanda ƙafarki ta saba da shi. Na rubuta cewa jarumar littafin suma take yi in an gaishe ta, ta suma in ba a gaishe ta ba, har ta fi dardumar falonsu daɗewa a ƙasa. Na rubuta cewa jarumin matuƙin jirgin sama ne, likitan zuciya ne, kuma mai kamfanoni ne, amma tun daga bango har bango ba a gan shi a wurin aiki ba sai jingine da mota, fasinjoji na can suna jira tun shafin farko. Motar ma fara take shiga gida ta fito baƙa. Idanunsa kuma kowane shafi sai sun kaɗa sun yi ja, na ce tunda likita ne ya duba kansa. Sannan mahaifiyar jarumar, wadda ta rasu a farkon littafi aka sha kuka, sai ga ta can gaba ta shigo da farantin shayi, kuma babu wanda ya ce mata sannu da dawowa.

Ranar Laraba na miƙe. Ban san daga ina muryar ta fito ba. Aji ya kaure da dariya, wani har da faɗowa daga benci, 'yan wani ajin suka cika taga. Da na gama, Malam Ƙamus ya zare ƙamus daga hammata ya ajiye a tebur, abin da ba a taɓa gani ba, ya tafa da hannu biyu ya ce, "Wannan shi ne scathing! Ku kuna wasa ne." Gilashi ya cire tabarau, ya goge da gefen riga, ya mayar, ya ce, "Ba laifi." Anti, na yi kwanaki ina juya "ba laifi" ɗin nan, na duba ta gaba na duba ta baya. Yanzu an daina ce mini Shiru-shiru, sai Reza. Wata 'yar ajinmu mai rubuta waƙa in ta hango ni sai ta zauna a kan littafinta.

Amma akwai abin da ban faɗa musu ba. A tsakiyar littafin akwai wani shafi da jarumar take goge rigar mahaifinta bayan ya rasu. Duk safiyar Asabar sai ta sauko da ita, ta yayyafa ruwa, ta goge wuya da hannaye, ta mayar ta rataye, kuma ba ta yarda kowa ya gani. A shafin nan babu suma, babu mota, babu jan ido. Ni na san daga inda ya fito, domin ina ƙarama, bayan rasuwar kakanmu, na taɓa shiga ɗaki na tarar da Gwaggo tana goge shuɗiyar rigarsa, ta ce mini wai ƙura take kaɗewa. Duk lokacin da na zo shafin nan sai na rufe littafin tukuna. Ban sa shi a sharhina ba, don yabo ne, kuma ban ga yadda zan riƙe tsintsiya a gaban Gilashi ba.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Malam ya sanar cewa za a fitar da mujallar makaranta a ƙarshen zango, kuma sharhina ne zai zauna a shafin farko, da cikakken sunana da ajina. Ya riga ya karɓe takardar ya sa cikin ƙamus. Da an gama jarrabawa zai kwashi rubuce-rubucen ya kai a buga. Kin san inda ake buga mujallar makarantarmu duk shekara? Shagon Gwaggo. Ita za ta zauna ta buga shi harafi bayan harafi. Kuma tana da wata ɗabi'a, in tana bugu sai ta riƙa karanta abin a hankali da leɓɓanta. Da na rufe ido sai in ga bakinta yana faɗin maganar darduma. Ko babu sunana ma ta san rubutun hannuna.

Na gwada janyewa. Na je ƙofar ofishin malamai, Malam ya hango ni ya ce wa sauran, "Ga Rezata nan, ku yi hankali da ita." Na buɗe baki na ce masa ina kwana, alhali rana ta take, na juya na tafi. Na yi tunanin in suma, na ma gwada a ɗakinmu, ashe abin ba shi da sauƙi kamar yadda Gwaggo ta rubuta. Na yi tunanin in lalata injin shagon, sai na tuna a lalace yake kuma yana aiki. In kuma na gaya wa Malam ko littafin wane ne, gobe makaranta duka ta sani, shagon kuma a bayanmu yake. Na san 'yan ajinmu. Layi za su riƙa yi a ƙofarta suna faɗuwa ƙasa.

Shekaranjiya na biya shagon. Ta ja mini kujera ta karanta mini sabon babi. Sabuwar jarumar ta suma tun kafin a kai tsakiya, ta farfaɗo, ta ƙara. Gwaggo ta cire idonta daga kwamfuta ta ce, "Mai karatuna, tsakaninki da Allah, ya kika ji shi?" Na ce ya yi daɗi. Ta shafa kaina ta ce, "Duk dangi ke kaɗai ce kike gaya mini gaskiya." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Anti, ni munafuka ce? Wanne ne ƙarya, son da nake wa littafin ko sukar da na yi masa? Domin na duba sharhin a kaina daga sama har ƙasa, ban ga inda na yi ƙarya ba. Kuma kalmar nan, da gaske haka masu ita suke amfani da ita, ko Malam ne ya ɗora mata kaya? Me zan yi kafin a gama jarrabawa? Sannan, in da sauran wuri a shafinki, in namiji ya ce "ba laifi" bayan ya goge tabarau, me yake nufi?

Wasiƙar nan ta daɗe a jakata har ta fara laushi. Kullum sai na bi ta gaban ofishinku in wuce, mai gadin ƙofarku har ya fara gaishe ni. Yau na ga an liƙa jadawalin jarrabawa. In an tashi zan tsaya in miƙa masa ita. Ko harshena ya naɗe ba komai, hannu ne zai yi aikin.

Taki,
Shiru-shiru, wadda ake ce wa Reza

AMSA

'Yata Shiru-shiru,

Kin roƙe ni kada in faɗa in na yi dariya, don haka ba zan faɗa ba. Na kuma canza sunaye kafin a buga wasiƙarki, kada asirinki ya tonu. Mai gadi ya kawo wasiƙarki, ya ce kin miƙa masa kin ruga kamar wadda ta ajiye gawayi mai wuta.

Bari mu fara da kalmar, tunda ita ta jawo. Malaminku bai yi ƙarya a ma'anarta ba. Asalinta daga wata tsohuwar kalma ce mai nufin cutarwa ko ji wa mutum rauni, kuma ana faɗinta ne ga suka mai zafin gaske, wadda ba ta rage komai ba. Inda ya kauce shi ne wurin amfani. Masu harshen sukan kawo ta ne in suna ba da labarin abin da ya riga ya faru: alƙali ya wanke wasu jami'ai tas kan sakaci, ko masu bincike sun fitar da rahoto kan kamfanin da ya yi wasa da rayukan mutane, ko an yi wa wani shahararre da yabo ya kumbura wa kai wankin babban bargo. Mai ba da labarin ne yake cewa sukar ta yi zafi haka. Ba lambar girma ba ce da ake rataya wa ɗalibi a wuya. Kuma ki lura, zafi kawai kalmar take aunawa. Ba ta ce sukar gaskiya ce ba, ba ta ce adalci ce ba. In na ce miki shayi ya yi zafi, ban gaya miki ko akwai ganye a ciki ba. Yawancin abin da ake sha a ƙungiyarku tafasasshen ruwa ne zalla.

Duk da haka ba zan yar da Malam gaba ɗaya ba. Yana da gaskiya cewa yabon ganin ido yana kashe mai rubutu. "Sannu da aiki" ɗin babanku da fifitar mijinta ba su ƙara wa Gwaggo komai ba. Kuma mahaifiyar da ta dawo da farantin shayi, da wani ya nuna mata ita kafin a manna salatif, da ta gode masa. Malam, in kana karanta wannan, ka ƙara hawa na huɗu a makinka, ka ba wanda ya karanta littafi har ƙarshe. Za ka ga yadda layin zai gajarce.

Ke ba munafuka ba ce, amma kin kama hanyar. Son gaskiya ne, sukar ma gaskiya ce, kuma daga wuri ɗaya suka fito. Babu mai lura mota ta canza launi sai wanda ya bi ta shafi-shafi da zuciya ɗaya. A duk ƙungiyar nan ke kaɗai ce mai sharhi, don ke kaɗai kika yi karatu. Laifinki shi ne kin raba gaskiyar biyu, kin kai wa aji rabin da zai sa su tafa, kin kai wa Gwaggo rabin da zai sa ta shafa miki kai. Kowa kin ba shi abin da yake so, ke kuma kin karɓi ladanki a wuri biyu. Na faɗa miki ne ba don in ƙona ki ba, don na ga kina da ƙarfin ji.

Ga abin da za ki yi. Cikin makon nan, ba bayan jarrabawa ba, ki je shagon lokacin da babu mutane. Kada ki tafi da sharhin, kada kuma ki maimaita mata barkwancin da ke ciki, don abin da ya ba aji dariya ita ba zai ba ta ba. Ki fara da shafin rigar, ki gaya mata abin da yake yi miki da abin da kika gani kina ƙarama. Ba don ki sassauta mata ba, don shi ne abu mafi girma da kika ɓoye. Sannan ki gaya mata abin da kika yi a aji, da dalilin da ya sa, har da maganar yaron, ko da kunya za ta kashe ki. Ki ce kin yi kuskure da kika kai littafinta wurin da ake dariya. Ki tsaya nan. In ta tambaye ki me kika gani a littafin, to ki faɗa mata da muryar da kike mata magana kullum.

Ba zan yaudare ki ba, za ta ji zafi. Wataƙila ta juya ga kwamfutarta. Wataƙila a yi makonni ba ta ja miki kujera ba, ko ta koma kiranki da sunanki na yanka. Wannan hakkinta ne. Kada ki fashe da kukan da zai sa ita ta koma lallashinki, ke kika yi ɓarnar. Ki ci gaba da biyawa kina gaishe ta. In ta huce, ki ce kina so ku bi sabon littafin tare da fensir tun kafin a haɗa shi. Mace mai rubuta shafin rigar nan marubuciya ce ta gaske, abin da ta rasa shi ne mai gaya mata inda za ta bar jaruma ta tsaya da ƙafafunta.

Sunan mai littafin kuwa sirrinta ne, ba naki ba. Kada ki gaya wa Malam, kada ki gaya wa Rediyo ko da ta rantse. Ba kya bukatar ba Malam dalili. Rubutunki ne, sunanki zai hau kai, kina da ikon cewa kin janye shi za ki kawo wanda ya fi shi. In bakin ya ƙi, ki rubuta masa a 'yar takarda, na ga hannunki ba ya jin kunya. Sabon sharhin ki sa duka: sumar, da motar, da rigar. Ki nuna wa Gwaggo shi tukuna, in ta ce kada a buga, to ki nemi wani littafin ki karanta shi har ƙarshe ki yi a kansa. In yabon ya jawo miki shara, ki ɗauki tsintsiya ki share ajin tsaf. Ba a taɓa jin wadda shara ta rage wa daraja ba. In kuma Malam ya kafe sai tsohon, to aƙalla kin riga takardar isa wurin Gwaggo.

Maganar Gilashi ba ta da tsawo. "Ba laifi" yana nufin ba laifi. A littafi, wanda ya wulaƙanta ki a babin farko yakan gyaru, don marubuciya ta ƙudura sai ya gyaru. A waje babu mai riƙe masa alƙalami, yawanci babi na biyu irin na farko ne. In kina son ki san zurfinsa, ki tambaye shi sunan littafi ɗaya da ya karanta har bango. Sannan ki cire littafin soyayyar daga cikin na lissafi har a gama jarrabawa, Mama ta gaji da mamaki.

Gwaggonki ta shafe shekaru tana buga maganganun mutane, masu daɗi da marasa daɗi, babu mai tambayarta yadda ta ji. Taki kam kada ta fara haɗuwa da ita a kan takarda, ita kaɗai a shago, ga mai jiran aikinsa tsaye a kanta. Ki je ta ji daga bakinki, kina zaune a gabanta, inda za ta iya yi miki faɗa. Allah ya warware miki harshe ranar, ya sanyaya zuciyarta, ya ba ki sa'ar jarrabawa.

Antinki